Jawabin Ɗaliban Garinmu Kan Zaman Jami'a Da Zaɓen Fannin Karatu



Ranka ya daɗe Maigari, Allah ya gafarta malamai, iyayenmu dattijai maza da mata, shugabannin ƙungiya, da yayyenmu ƴan ci-rani da kuka baro Kano da Legas da Kwatano da Abijan da Aljeriya saboda wannan taro, muna gaishe ku da kyau. Muna yi muku barka da damana, Allah ya kai mu kaka lafiya.

Mu ne ƴaƴanku da ke karatu a jami'a. Shugabannin ƙungiya sun ce mu tsaya gabanku mu faɗi yadda zaman can yake, domin bana ma akwai ƙannenmu da suka ci bak, iyayensu kuwa suna ta tambaya ina za a kai su, me kuma za su karanta. Mun zauna mun haɗa baki kafin mu zo, saboda haka abin da za ku ji maganarmu ce mu duka. In mun faɗi abin da ya fi ƙarfin bakinmu, ku yi mana afuwa, aiko mu aka yi.

Ranar da yaro ya ci bak akan yi guɗa a gida, a ce an huta. Mu da muka je muka gani muna shaida muku cewa aiki yana gaba. Abu biyu ne suka fi kayar da ɗan ƙauye a jami'a: shiga fannin da bai dace da shi ba, da wahalar shekarar farko. Duka biyun kuwa akwai maganinsu a hannun mutanen wannan taro.

INDA MAKARANTUN SUKE

In an ce jami'a, dattijai da yawa Yamai kaɗai suke tunawa, don an daɗe ita kaɗai gwamnati ke da ita. An kafa ta a 1971 a matsayin cibiyar karatu mai zurfi, ta zama jami'a a 1973. Tana ƙetaren kogi, a Harobanda. A 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, masanin kimiyya wanda ya shafe shekaru yana binciken yadda za a mori zafin rana, ya kuma taɓa shugabantar jami'ar kafin rasuwarsa a 1991.

A 2008 aka buɗe makarantun koyon fasaha da ake kira IUT a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2010 kuma kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan uku ya sami jami'arsa. Ta Maraɗi tana ɗauke da sunan Ɗandikko Ɗankulodo, ta Tawa da sunan Jibo Hamani, ta Damagaram da sunan Andre Salifu. A 2014 aka ƙara huɗu, a Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Akwai kuma jami'ar Musulunci ta Sayi, wadda aka buɗe a 1986, inda masu karatun Larabci da addini ke zuwa.

Kowace tana da abin da aka fi saninta da shi. A Maraɗi ana koyon ilimin noma da kiwo, da likitanci, da aikin gine-gine da na lantarki. A Tawa ana koyon shari'a da tattalin arziki da tafiyar da kamfani. A Damagaram ana koyon tarihi da labarin ƙasa da likitanci da awon filaye. Agadas ta fi maida hankali ga ma'adinai, Doso ga kwamfuta da sadarwa. Ban da jami'o'i akwai makarantun sana'a, irin su makarantar ma'aikatan lafiya ta Yamai da ta Damagaram, da makarantar malaman gona ta Kolo, da makarantar injiniyoyin ma'adinai ta Yamai. Da yawansu sai an ci kwankur ake shiga.

Mun jera muku su ne don a daina ɗaukar cewa duk wanda bai je Yamai ba karatunsa ƙarami ne. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, daga Damagaram kuwa wajen 900 ne. Yaron da ke karatu a jiharsu, in hatsinsa ya ƙare, direba ɗan gari zai kai masa buhu a yini guda, in kuma ya kwanta ciwo uwarsa za ta iya zuwa ta gan shi. In fannin da yake so yana kusa, a bar shi kusa.

KOWACE GONA DA IRIN DA YA DACE DA ITA

Ku manoma ne, kun fi mu sanin cewa ba a shuka shinkafa a jigawa. Haka karatu yake. Bak iri-iri ce. Akwai ta seri A, ta harsuna da tarihi da falsafa. Akwai ta seri D, ta ilimin halittu da sinadarai da lissafi. Akwai ta seri C, wadda lissafi ya fi yawa cikinta. Akwai kuma na fasaha da na lissafin kuɗi, su E da F da G. Kowace tana da ƙofofin da take buɗewa da waɗanda ba ta buɗewa. Mai bak ta A zai iya karatun shari'a ko tarihi ko harsuna ko koyarwa, amma ba a karɓarsa a karatun likita ko na injiniya. Waɗannan sai mai C ko D.

Abin da muke so iyaye su riƙe shi ne, wannan rabuwar hanya tana faruwa shekara 3 kafin bak, ran da yaro ya ci birbe ya shiga ajin farko na lise. A nan ake raba su, wasu su bi hanyar adabi, wasu ta kimiyya. Uban da bai san haka ba yakan zauna yana cewa ɗansa likita zai zama, alhali an rufe ƙofar tun yaron yana ɗan shekara 16 ko 17. Mafi yawan masu bak a ƙasarmu ƴan seri A ne, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙarancin malaman lissafi da kimiyya a makarantun karkara. Yaro mai kai sai ya gudu daga lissafi don bai sami mai koya masa ba. In muna son garin nan ya sami likita nan da shekara 10, to ƴan kwalej na yau za mu duba.

Kowace shekara muna ganin yaron da aka aiko da umurni daga gida. Wani babansa na ci-rani ya kira waya ya ce shari'a zai karanta, don yana son a ce ɗansa alƙali ne. Wani kuma ya bi abokinsa, don su zauna ɗaki ɗaya. Wani ya iso a makare, ya rubuta sunansa inda ya tarar da sauran wuri. Irin waɗannan su ne sukan maimaita ajin farko, su sake faɗuwa, sa'an nan kunya ta hana su dawowa gida. Sai a ji suna tallan kati ko kabu-kabu a birni, iyaye kuwa suna nan suna tsammanin karatu ake yi. Akuyar da aka sayar ta tafi, shekarun yaro sun tafi.

Ba mu ce a bar yaro ya yi abin da ya ga dama ba. Da tsohuwar zuma ake magani, shawarar iyaye dole ce. Amma kafin a yanke, a ɗauko takardar makinsa ta shekara 3 ta lise, a ba mushe ya karanta a gaban uba. Fannin da yaro ya saba samun maki mai kyau cikinsa ba tare da an matsa masa ba, nan ƙarfinsa yake.

GERO DA MAIWA

Abu na biyu da ya kamata a auna shi ne tsawon karatu. Gero yana nuna da wuri, maiwa sai ta daɗe, kuma manomin kirki yakan duba abin da ya rage a rumbu kafin ya san wanne zai fi shukawa. A tsarin yanzu takardar lisans shekara 3 ce, mastar ƙarin 2, digirin dokta ƙarin 3. Karatun likita shekara 7 ne ko fiye. Na IUT shekara 2 ne, mai son ƙari ya yi ta uku. Wannan lissafi na takarda ne. In an sami yajin aikin malamai ko na ɗalibai, ko shekara ta shiga cikin shekara, lisans ɗin shekara 3 tana iya cin 4 ko 5. Bayan an gama kuma akwai aikin bautar ƙasa na shekara 2.

To, yaron da ya ci bak yana ɗan shekara 20, in ya shiga likitanci, zai kusa 30 kafin gida ya ga dalarsa. Gidan da ke da mai ɗaukar wannan nauyi, kuma yaron yana da kai da haƙuri, to a yi bismilla, don muna bukatar likitoci ƙwarai. Amma ɗan fari wanda ubansa ya tsufa, ga ƙanne a bayansa, babu aibu in ya fara da gajeren karatu, ya kama aiki, ya tallafi gida, daga baya ya koma ya ƙaro. Mun ga waɗanda suka bi wannan hanya suka kai inda ake so. A yi wannan lissafi tun farko, uba da uwa da yayyen da ke aiko da kuɗi su san shekara nawa suka ɗauki alkawari, don ba a fafe gora ranar tafiya.

AIKI BAYAN KARATU

Iyayenmu sun ga zamanin da duk mai takarda gwamnati ke jiransa da ofis. A zamanin Jori Hamani da farkon mulkin Kunce masu ilimi kaɗan ne, ga kuma kuɗin yuraniyom na Arlit da aka fara haƙowa a 1971. Da farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, aljihun gwamnati ya tsuke, aka daina ɗaukar kowa da kowa. Yau shiga aikin gwamnati sai an buɗe kwankur, masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa. Ko aikin koyarwa, tun ƙarshen shekarun 1990 da yawa da kwantaragi suke fara shi. Mai son zama alƙali ma, bayan karatun shari'a sai ya ci kwankur ya shiga makarantar horar da alƙalai.

Kada kuma a bi yayi. Da aka buɗe matatar mai ta kusa da Damagaram a 2011, kowane yaro cewa yake man fetur zai karanta, alhali matata guda ba ta iya ɗaukar yaran ƙasa duka. Mahaƙar Akuta da ta ciyar da gidaje masu yawa shekaru fiye da 40 an rufe ta a 2021. Saboda haka tambayar da ta kamata a yi wa yaro ita ce: in gwamnati ba ta ɗauke ka ba, me za ka iya yi da wannan ilimi da hannunka?

A nan ne muke roƙon dattijai su sassauta wa karatun noma da kiwo. Mun sha jin ana cewa, mun kai ka lakwal don ka huta da hauya, sai kuma ka ce noma za ka karanta? Ku duba albasar Galmi da ake loda manyan motoci da ita zuwa Gana da Abijan. Ku duba jar akuyar Maraɗi da fatarta ta yi suna har ƙasashen waje. Ku tuna sassaben zamani da manoman jihar Maraɗi suka fara a shekarun 1980, na barin tsiron itace ya girma cikin gona, wanda masu bincike suka ƙiyasta ya farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a ƙasar nan. Wanda ya san ciwon dabba da maganinsa, wanda ya san ajiye wake ba tare da ƙwari sun cinye ba, wanda ya iya haɗa famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, ba ya zaman jiran kowa. Haka mai gyaran lantarki da mai awon fili.

Masu seri A su ma kada a raina su. Lakwal ɗin garin nan malami take bukata wanda ba zai gudu birni ba. A 2025 kuma an rubuta Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma rubuta littattafan karatu da fassara takardun hukuma aiki ne na waɗanda suka karanci harshe.

YADDA ZAMAN YAKE

Yanzu bari mu faɗa muku abin da ɗanku zai tarar. A lise malami ya san sunansa, in bai zo ba a tambaya. A jami'a ƴan ajin farko ɗaruruwa ne cikin zaure guda da ake kira amfi. Malami yana magana da lasifika, cikin Faransanci mai sauri, ba ya jiran kowa. Wanda ke son wurin zama na gaba sai ya fito da asuba. Ba mai kiran suna, ba mai duba littafi. Yaron da bai iya tsare kansa ba sai ya ga kamar hutu ne, har ranar jarrabawa ta riske shi.

Wurin kwana shi ne babbar damuwa. Ɗakunan ɗalibai ba sa isar kowa, sabon zuwa kuwa shi ne na ƙarshe a layi. Ɗakin da aka yi don mutum biyu sai ka tarar da ninkinsu a ciki. A babban birni ɗalibai sukan kafa rumfuna, kowane yanki da tasa, suna kiransu ambasad, nan baƙo ke shimfiɗa tabarmarsa har Allah ya buɗa. Abinci akwai shi da rahusa a gidan cin abincin ɗalibai, da tikiti, amma sai an yi layi, kuma akwai lokacin da yake rufe.

Sai maganar burs, wato kuɗin tallafin gwamnati. Ku sani ba kowa ke samu ba, ana duban makin da yaro ya ci a bak da kuma shekarunsa. Wanda ya samu ma ba ranar da ya iso ake ba shi ba, yakan yi watanni yana jira, kuma in ya yi ta faɗuwa yana iya rasa ta. Kafin ta fito akwai kuɗin rajista, da na hoto, da na buga takardun darasi, da na mota, da sabulu. Waɗannan watanni na farko su ne mashigin da ya fi cin mutane. Ɗan birni yana komawa gida ya ci tuwo, namu kuwa in ba shi da kowa, da yunwa zai shiga amfi. In ɗanku ya kira ya ce ba shi da kuɗi, kada a ce ai gwamnati na biyansa.

Kuna jin labarin zanga-zanga a rediyo hankalinku ya tashi. Ƙungiyar ɗaliban ƙasar nan tsohuwa ce, tun 1960 take. Ran 9 ga Fabrairu 1990 an harbi ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka rasu bisa lissafin hukuma, kuma wannan na cikin abin da ya kai ƙasa ga babban taron 1991. Yawancin yajin da kuke ji kan burs ne da abinci da wurin kwana. Abin da muke gaya wa ƙannenmu shi ne su halarci taron ƴan'uwansu su ji abin da ake ciki, amma su guji jifa da ƙone-ƙone, su kuma yi amfani da kwanakin da ba darasi su yi bita.

Akwai alheri mai yawa a can, kada mu ɓoye. Muna zaune da Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Barebari da Tubawa, muna cin abinci kwano ɗaya, mun san ƙasarmu fiye da da. Akwai masallaci, akwai ɗakin littattafai, akwai malamai masu taimakon yaron da suka ga yana ƙoƙari.

ƳAN MATA

Iyayenmu mata, wannan taku ce. Kun san abin da mace ke ji in naƙuda ta yi tsanani aka kai ta asibiti ba ta tarar da mace ƴar'uwarta ba. Ungozomar asibiti da malamar jinya da likita mace, ƴaƴan wasu ne da iyayensu suka yi haƙuri suka bar su suka gama. Abin da ke hana uba sakin ƴarsa shi ne rashin sanin inda za ta sauka, kuma wannan tsoro ne na gaskiya. Maganinsa masauki na amana. Aure ma ba ya hana karatu in an yi sharaɗi a gaban waliyyai tun wajen neman aure. Muna da abokan karatu matan aure, wasu da goyo suke zuwa.

ROƘONMU GA ƘUNGIYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da muke roƙo, ku duba ku gyara:

1. A kafa kwamitin shawara, dattijai 2 da darektan lakwal da ɗalibai 2, ya zauna da iyaye da yaro sau biyu, in an fito da sakamakon birbe da in an fito da na bak.

2. A buɗe asusun ɗalibai. Kowane ɗan ci-rani ya sa jika 1 a ƙaramar salla, jika 1 a babbar salla, mai hali ya ƙara. A riƙa ba sabon ɗalibi rance na watannin farko, ya biya in burs ta fito ko in ya sami aiki. A rubuta shiga da fita, a karanta a taron shekara.

3. Ƴan garinmu mazauna Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa su ba da sunan gidan da zai karɓi baƙon ɗalibi ko da na wata 3 ne, a fara da ƴan mata.

4. In kaka ta yi, kowane gida ya ba da tiya guda ta gero ko wake, a raba wa ɗaliban.

5. A yi wa kowane jariri takardar haihuwa a ofishin magajin gari, a kuma duba suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a takardun yaro duka. Harafi guda da ya saɓa yana iya tsayar da rajista ko burs.

Mu ma ga namu alkawari. Kowane hutun damana, bayan mun taso daga gona, za mu koya wa ƴan kwalej lissafi da Faransanci kyauta a lakwal ɗin gari. Za mu tari kowane sabon ɗalibi a tasha mu raka shi har ya gama rajista. Kowane ɗayanmu kuma zai kawo takardar sakamakonsa ga kwamiti a ƙarshen shekara, ko ya ci ko ya faɗi, don wanda ya sa kuɗinsa ya san inda suka shiga, wanda kuma ya yi tuntuɓe a tashe shi da wuri.

Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya ba ƴan ci-rani sa'ar nema, ya mai da su gida lafiya. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya sa ilimin da muke nema ya amfani garinmu da ƙasarmu. Amin.